Hancin Takalmi

Mai karatu, in aka ce ka lissafa abubuwan da suke iya tsayar da babban mutum cak a tsakiyar hanya, na san za ka ambaci 'yan sanda, ka ambaci ruwan sama, wataƙila ma ka ambaci mai binsa bashi. Da wuya ka tuna da hancin takalmi. Alhali kuwa ɗan abin nan da yake shiga tsakanin babban yatsan ƙafa da mai bi masa, ranar da ya tsinke ko ya fice, to komai girman rawaninka sai ka koma jan ƙafa kamar mai kurkunu, ko kuwa ka sunkuya ka ɗauki takalminka a hannu yara suna kallonka. Masu iya magana sun ce komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

Abin da ya fara jan hankalina ga wannan magana shi ne sunan. Mu hanci muke ce masa. To ashe mutanen Japan, da ke can ƙarshen gabas, su ma hanao suke kiran igiyar takalminsu, wato igiyar hanci, domin hana a harshensu hanci ke nan. Babu wanda ya koya wa wani. In ka ajiye silifa a gabanka ka dube shi da kyau za ka ga dalili: igiyoyi biyu sun taso daga gefe kamar girare, sun haɗu a gaba, sun gangara kamar karan hanci.

Kafin mu shiga tarihi bari in faɗi aikin da yake yi, don a nan rigimar take. Takalmi ƙafa-ciki rungume ƙafa yake yi ta ko'ina, nauyin ya rarrabu. Mai hanci kuwa wuri uku kacal ya riƙe, biyu a gefe, ɗaya a gaba. Duk sanda ka ɗaga dunduniya ka jefa ƙafa, takalmin yana so ya zauna a ƙasa, ƙafa tana so ta tafi, sai fizgar ta ƙare a kan na gaban. Haka zai yi ta sha sau dubbai daga safiya zuwa dare. Saboda haka dole ya yi ƙarfi. Amma fa wurin da yake zaune fata ce mai laushi wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba, ga gumi, ga ƙura, saboda haka dole kuma ya yi taushi. In ka yi shi da kauri ya buɗa yatsu ya gajiyar da su. In ka yi shi siriri ya yanka kamar zare. In ka yi shi da tauri ya daɗe amma ya ta da bororo, in ka yi shi da laushi ya saki tun ba a je ko'ina ba. Shekara dubu biyar ke nan masu sana'a suna neman sasanta waɗannan kishiyoyi biyu.

Na ce dubu biyar ne saboda shaidar da Masarawan dā suka bari. A 1898 an tono wani allon dutse na wani sarki mai suna Narmer, wanda ya yi zamani kimanin shekara 3100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A jikin allon an sassaƙa sarkin ba takalmi, ya ɗaga kulki zai kwaɗa wa abokin gaba, a bayansa kuma ga wani ɗan bafade riƙe da takalman sarki a hannu ɗaya, da ɗan tulun ruwa a ɗaya hannun. Sannan a 1922 wani Bature ɗan Ingila, Howard Carter, ya gano kabarin Fir'auna Tutankhamun, aka sami takalma sama da 80 a ciki. Akwai na zinariya zalla a ƙafar gawar, da hancinsa da komai, amma wannan na kwanciya ne ba na tafiya ba. Akwai wanda aka zana hotunan abokan gaba a ɗaɗɗaure a cikin tafinsa, wai don duk takun da sarki ya yi ya tattake su. Amma mafi yawansu na ciyawa ne da kaba. Ƙwarai kuwa, kabar goruba irin tamu. Sai a jera damin ciyawa sirara a ɗinke su da kaba, kusan yadda matanmu suke ɗinkin faifai, a yi hanci da ciyawar bakin Nilu da ake kira bardi, a zura shi ta huda, a ƙulle ta ƙasa.

Ka riƙe maganar ƙullin nan na ƙasa, za mu sake gamuwa da shi. Shi ne yake riƙe da takalmin gaba ɗaya, kuma shi ne yake gogar ƙasa a kowane taku.

Akwai ma wata alama da Masarawan suke yawan zanawa, mai kama da mabuɗi, suna kiranta ankh, ma'anarta rai. Alan Gardiner, babban masanin harshensu, yana cikin masu ganin cewa hoton igiyar takalmi ce, da'irar ita ce mai zagaya idon sawu, jelar kuma hanci. Wasu masana sun musa. Ni dai maganar ta yi mini daɗi ko da ba a daidaita a kanta ba.

Larabawa kuwa, kamar yadda suka saba, sun ba kowane sashe sunansa. Igiyar da take kwanciya a bayan ƙafa shiraki ce, wadda take shiga tsakanin yatsu kuma ƙibali ko shis'i. A wurinsu in ana son a nuna abu ba shi da wata daraja, da shis'i ake kwatanta shi, kuma wannan kwatance ya taɓa jawo bala'i. A yaƙin Basusa, wanda ƙabilun Bakru da Taglibu suka gwabza kafin zuwan Musulunci, har masu tarihi suka ce ya kai shekara 40, an kashe Kulaibu shugaban Taglibu, ɗan'uwansa Muhalhil ya tashi ɗaukar fansa ba ji ba gani. Wani dattijon Bakru, Harisu ɗan Ubadu, ya tsame hannunsa ya ƙi shiga. Ana nan sai Muhalhil ya kashe yaronsa Bujairu. Da labari ya iske dattijo sai ya daure, ya ce in dai jinin yaron zai zama fansar Kulaibu wutar ta mutu, to ya haƙura. Sai aka ce masa ai ba haka Muhalhil ya faɗa ba, cewa ya yi yaron bai wuce fansar hancin takalmin Kulaibu ba. Nan take tsoho ya ce a kawo masa goɗiyarsa. Ya shiga yaƙin da ya daɗe yana gudu, Taglibu kuwa suka ɗanɗana kuɗarsu. Kisan ya iya haɗiyewa, rainin ne ya gagare shi.

Da Musulunci ya zo, malaman hadisi ba su bar ko wannan ɗan abu ba su rubuta ba. Buhari ya ruwaito daga Anas (RA) cewa takalmin Manzon Allah (SAW) hanci biyu gare shi. Masu sharhi suka ce ɗaya tsakanin babban yatsa da mai bi masa, ɗayan tsakanin na tsakiya da mai bi masa. A cikin Shama'il na Tirmizi an ruwaito cewa na Abubakar da Umar ma haka suke, kuma Usman ne farkon wanda ya mayar da shi ɗaya. Wani malamin Tilimsan, Ahmad al-Maƙƙari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1632, littafi sukutum ya wallafa a kan siffar wannan takalmi mai albarka. Muslim kuma ya ruwaito hani ga wanda hancin takalminsa ya tsinke, kada ya yi tafiya da wari ɗaya sai ya gyara. Ka ga ke nan tsinkewar hanci abu ne da ake fama da shi yau da kullum a Madina kamar yadda ake fama da shi a Fagge. Ta fuskar sana'a kuwa, hanci biyu raba fizga yake yi gida biyu, kowanne ya ɗauki rabi.

Mutanen Indiya su kuma suka bi wata hanya dabam. Takalminsu na dā, paduka, katako ne da aka sassaƙa, babu igiya ko ɗaya, sai ɗan turke a gaba mai kai kamar na tabarya, mutum ya matse shi da yatsu ya yi ta tafiya. Na masu hali har da hauren giwa da azurfa ake yi. A labarinsu na Ramayana, da aka kori Rama daji na shekara 14, ƙanensa Bharata ƙin hawa gado ya yi, ya ɗora padukan yayansa a kan karaga yana mulki da sunansu. Wannan hanci dai ba ya tsinkewa, sai dai yatsun da ba su saba ba su gaya maka.

To mu dawo gida. Kada wani ya zaci mu 'yan kallo ne a wannan fage. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, a littafinsa da aka buga a Italiya a 1550, ya ambaci cewa a Gobir ana ɗinka takalma irin na Rumawan dā, ana kai su Tambutu da Gawo. Bayan shekara 300, a 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano. Ya ƙiyasta cinikin tufafin Kano a kan wuri miliyan 300 a shekara, na takalma kuma miliyan 10. Ya yaba kyan ɗinkinsu, ya ce ana kai su ƙasashe masu nisan gaske, kuma mafi tsadarsu, wanda ake kira taka-saraki, wuri 200 ne kacal. Yi lissafi da kanka. Ko da a ce duk na wuri 200 ne, ƙafa 50,000 ke nan a shekara, alhali yawanci ba su kai wannan kuɗi ba, ka ga adadin ya zarce haka nesa. Kowane ɗaya kuwa da hannu aka yi shi, da wuƙa da basilla.

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar baduku a Kasuwar Kurmi ya ga yadda gwani yake yi wa hanci. Ba ya yanko shi daga ƙirgi, don ƙirgi na tafi ne, tauri gare shi. Fatar akuya yake nema, wadda majema suka jeme da bagaruwa, sau da yawa an rina ta ja da karan dafi. Irin fatar nan ce ta jajayen awakin Sakkwato da Maraɗi da fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, Turawa suna saye a hannun mutanen Maroko suna kiranta da sunan Maroko. Sai ya yanko ɗan tsiri, ya kankare bakinsa har ya yi siriri, ya naɗe shi a kan 'yar igiya ko murɗaɗɗiyar fata, ya ɗinke. Ɗinkin kuma ba ya barinsa ta inda zai gogi tsakanin yatsu, gaba yake juya shi. Sannan ya tsaga shimfiɗar sama, ya zura jelar, ya baje ta a ƙasa kamar ƙafar agwagwa, ya ɗinke ta, ya kawo ƙirgi ya rufe. Ka ga an binne ƙullin nan da ya dami Masarawa, ba ya ganin ƙasa balle ta ci shi. Kuma ita fata halinta ne ta sha gumi ta yi laushi ta ɗauki siffar yatsan mai ita. Shi ya sa takalmin fata kwana ukun farko ne yake cizo, daga nan ya zama ɗan gida, in wani ya ara ma sai ka ji ya ɓata maka shi.

Aibinsa ɗaya ne, ba ya shiri da ruwa. In ya jiƙe ya bushe sai ya ƙandare, in aka maimaita ya tsage. Mu kuwa mutane ne masu alwala sau biyar a yini, ga damina, ga kewaye. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, kuma ta wannan tsaga ce roba ta shigo mana.

Amma kafin roba sai na tsaya a Japan, domin a ganina babu al'ummar da ta yi wa hancin takalmi tunani kamarsu. Suna da zori, wanda a dā da karan shinkafa ake saƙa shi, suna da geta, na katako mai ƙafafu biyu a ƙasa, kamar dangarafan da ake sawa da damina a dā. Igiyar tasu ba abu guda ba ce. A ciki akwai igiya mai ƙarfi ta wata irin rama, ita take ɗaukar fizga. A kanta an naɗa auduga. A waje kuma ƙyalle, sau da yawa ɓangaren da yake taɓa fata karammiski ne. Wato sun raba aikin, ƙarfi na ciki, taushi na waje, ba su ce abu ɗaya ya yi duka biyun ba. Shi kansa hancin, wanda suke kira maetsubo, ɗan yanki ne dabam da ake ratayawa a jikin igiyar, a zura ta huda a ɗaure ta ƙasa, in ya mutu a canza shi kaɗai. A geta kuma ƙafafun katakon nan sun ɗaga ƙullin sama, ba ya taɓa ƙasa sam.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake sayarwa. Tafi dabam, igiya dabam. Ka zaɓi wanda kake so a kowanne, sannan mai sana'a ya dubi ƙafarka, ya ga tudunta da faɗinta, ya ɗaura, ka sa ka taka, ya sassauta nan ya matse can, sai ya zauna daidai. In ya saki bayan wata biyu ka koma ya ƙara ɗaurewa. Hudar gaba kuma a tsakiya suke yinta, babu hagu babu dama, mutum yana iya musanya su lokaci-lokaci don su cinye daidai. Har sawar ma da ladabinta: ba a cusa yatsu har ƙurya, ɗan matsewa ake yi da bakin yatsu, a bar dunduniya ta ɗan leƙo ta baya. Suna da safa mai rabon yatsa, tabi, don kada ƙyalle ya tokare hanci. Kuma kamar yadda muke da namu camfe-camfen, su ma a wurinsu tsinkewar hanao lokacin fita alamar rashin sa'a ce.

Ita roba tun 1844 Charles Goodyear na Amurka ya yi rajistar dabarar dafa ta da farar wuta don kada ta narke da zafi ko ta ƙandare da sanyi. Amma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da ya ƙare a 1945, zori na roba ya yaɗu a duniya. Japan ta fito daga yaƙi a ragargaje tana neman abin da za ta sayar waje, sojojin Amurka kuma sun ga zori sun koma gida da shi. A 1952 wani Ba'amurke mai zanen kayayyaki, Ray Pastine, ya haɗa kai da Shotaro Ikuta na kamfanin roba na Naigai da ke wajen birnin Kobe. Shi Ikuta ya ƙware a kan wani irin soson roba wanda 'yan kumfan cikinsa a rufe suke, kowanne da ɗakinsa, saboda haka ba ya shan ruwa. Da shi suka yi tafi, suka yi igiya da roba, aka fara kai wa tsibirin Hawai, kasuwa ta buɗe. A Niyu Zilan wani ɗan kasuwa, Morris Yock, ya yi rajistar sunan jandal a 1957, gajarce takalmin Japan ke nan a Turance, ko da yake iyalan wani John Cowie, da ya riƙa ƙera irinsa a Hong Kong, sun ce nasu ne ya riga. A Indiya hawai chappal ake ce masa. 'Yan'uwanmu na zango a Gana sun san shi da chale wote, wato aboki mu tafi, a harshen mutanen Ankara. Mu kuma muka ari silifa daga Turanci muka huta.

Brazil ce ta mayar da shi abin alfahari. A 1962 kamfanin Alpargatas ya fito da Havaianas, fari da shuɗiyar igiya, kuma don tunawa da asalinsa aka yi wa tafin zane mai kama da ƙwayar shinkafa. Takalmin leburori ne da masu aikatau, har ta kai a shekarun 1980 gwamnatin ƙasar ta sa shi cikin jerin kayan masarufi da take sa wa ido a kan farashi, tare da shinkafa da wake. Sai a 1994 suka fara yin masu launi ɗaya don masu kuɗi, a 1998 suka manna tutar ƙasar saboda gasar ƙwallon duniya. A shekarun 2010 suna sayar da fiye da ƙafa miliyan 200 a shekara. Amma abin lura a nan shi ne tsohuwar tallarsu, wadda ta yi wa mai saye alkawari uku: ba ya lanƙwashewa, ba ya wari, igiyarsa ba ta ficewa. Ba a yin alkawari a kan abin da ba ya damun mutane.

Yadda ake ƙera shi a masana'anta abin mamaki ne, gaskiya sai an yaba. Ana kwaɓa roba, ko wani danginta da ake kira EVA, da wani sinadari mai fitar da iska in ya ji zafi, a gasa ya tashi kamar burodi, ya fito falle-falle. A kawo ƙarfe mai siffar ƙafa a datsa, kamar mai yankan cincin. A huda wuri uku, kowace huda a yi mata ɗan gurbi ta ƙasa. Igiyar kuma narkakkiyar roba ce ake ɗurawa cikin mazubin ƙarfe, ta fito guda ɗaya, da rassa uku, kowane reshe da ɗan kai kamar maɓalli. Ma'aikaci ya tura kawunan ta hudojin da wani ƙarfe mai baki biyu, su faɗa gurbinsu, shi ke nan an gama. Babu zare, babu gam, babu basilla. Aikin da baduku zai yini a kai, kafin ka ƙifta ido an yi goma. Da wannan dabara ce talakan da kakansa ya rayu ya mutu yana taka ƙaya da ƙafa ya sami abin sawa, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne, kada son tsohon abu ya hana mu faɗa.

Sai dai ka duba abin da aka zubar a hanya. Ƙullin da baduku ya binne, Bajapane ya ɗaga sama, ga shi an dawo da shi ƙasa, sunansa kawai ya canza ya zama maɓalli. Muddin tafin yana da kauri yana ɓoye a gurbinsa. Da zarar soso ya gaji ya lotse, sai kan ya fara gogar titi yana cinyewa, hudar kuma tana ƙara faɗi, ran nan ka taka taɓo ka ɗaga ƙafa, ƙafa ta taho takalmi ya zauna. Wani lokacin kuma ba ficewa zai yi ba, wuyan ne zai karye daidai inda ya haɗu da kan, don nan ne yake lanƙwasa a kowane taku. Rana ma tana da nata laifin. Yawancin igiyoyin masu araha da robar PVC ake yinsu, ita kuwa asalinta tauri gare ta, wani sinadari mai kama da mai ake zuba mata ta yi laushi. Zafi yana korar wannan mai a hankali. Ka ajiye silifa a ƙofar masallaci da azahar a watan Afrilu, yau da gobe, sai ka ga igiyar ta yi fari-fari ta ƙandare, saura ƙiris. Wasu masu ƙerawa kuma suna cika kwaɓin da garin alli don roba ta yi auki. Araha dai ba ta ado.

Ciwon da sabon silifa yake ji wa mutum shi ma da dalilinsa. Mazubin nan ɓari biyu ne ake haɗawa, kuma inda suka haɗu yana barin ɗan layi mai kaifi a jikin robar. Kamfanin da ya san abin da yake yi zai tsara mazubinsa yadda layin ba zai faɗo ta gefen yatsu ba, ya kuma goge shi. Wanda bai damu ba zai bar maka shi a nan, kai da gumi da yashi ku ƙarasa aikin. Haka kuma hancin da aka yi shi zagaye kamar fensir ya fi cizo a kan wanda aka ɗan matse gefensa ya bi siffar tsagar yatsu, kuma wanda ya miƙe tsaye ƙyam ya fi takura a kan wanda ya ɗan kwanta baya ya bi gangaren ƙafa. In hudar ta matsa gaba ko baya da ko rabin inci ne, ƙafa za ta sani. Wurin nan fa ba wurin wasa ba ne, jijiyar da take kai masa ji dabam take da ta sauran bayan ƙafa, har likitoci sukan taɓa daidai nan in suna gwada lafiyarta. Babban abin da aka rasa dai shi ne mutumin nan mai duba ƙafarka kafin ya ɗaura. Yanzu lamba ce kawai. Duk mai sa lamba 9, da mai tudun ƙafa da mai shimfiɗaɗɗiya, igiya ɗaya aka zuba musu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a tambaye shi ba.

Talaka kuwa bai zauna ba. Wa bai san ƙusa a gindin hanci ba? A huda wuyan a gicciya ƙusa, ko guntuwar waya, ko a ƙulla leda, a ci gaba da harka, kana tafe tana ƙyas-ƙyas a kan siminti tana tona maka asiri. A Brazil ma wannan ƙusa sananniya ce, har barkwanci suke yi da ita. In ka kai wa shushaina kuma zai sa zare da basilla ya ɗinke wuyan a jikin wani guntun roba, wato ya koma aikin baduku a kan kayan masana'anta. Ƙusar dai a yi hattara da ita, in ta yi tsatsa ta juyo sama ba ta san mai ita ba.

Su ma masu kamfani a ƙasashen waje, da suka tashi gyara, baya suka waiwaya. A 1974 wani Ba'amurke, Jay Longley, da ya gaji da ganin tsinkakkun silifa a bakin teku a Kalifoniya, ya fara ɗinka nasa a garejin gida da sunan Rainbow. Me ya yi? Ya yi igiya da zaren nailan mai ƙarfi, ya ɗinke, ya binne jelar tsakanin shimfiɗun tafi. Abin da ake yi a Kurmi ke nan tun kafin Barth ya zo. Wasu suka koma yin hanci da naɗaɗɗen ƙyalle mai laushi, ƙarfin yana ciki, wato hanao ya dawo da sabon suna. Wani kuma, Mark Thatcher, mai yi wa baƙi jagora a kwale-kwale a kogin Kolorado, ya ga ruwa yana ƙwace wa mutane silifa, sai ya ƙara masa maɗauri a idon sawu, aka sami takalmin Teva a 1984. Daga baya ma suka fito da wanda babu hancin gaba ɗaya.

Masu bincike su ma sun sa baki. A 2008, a Jami'ar Auburn ta Amurka, an gwada tafiyar mutum 39 da silifa da kuma takalmin wasanni, aka ga mai silifa yana gajarta taku, kuma ba ya ɗaga yatsu sosai in ya jefa ƙafa, don suna can suna aikin riƙo. Ma'ana in igiyar ta yi sako-sako, yatsu ne suke biyan bashin. Likitoci kuma suna gargaɗin masu ciwon sukari su nisanci takalmi mai hanci, domin ciwon yana kashe jin ƙafa, sai hanci ya yi ta cin tsakanin yatsu mutum bai sani ba, ƙaramin bororo ya zama gyambon da ba ya warkewa. Wanda yake da tsoho mai wannan lalura a gida ya riƙa duba masa wurin.

In ka bi ta bola ko ka leƙa kwata a unguwarku za ka ga ƙarshen labarin da idonka: wari ɗaya, tafin lafiya lau, hanci ne kawai ya tafi. Soson nan da aka yi shi don kada ya sha ruwa, ba ya nutsewa kuma ba ya ruɓewa da wuri, saboda haka kwata ta miƙa wa rafi, rafi ya miƙa wa kogi. A gaɓar tekun Kenya igiyar ruwa tana kawo su tuli-tuli, wasu tun daga ƙasashen Asiya. A ƙarshen shekarun 1990 wata ma'aikaciyar kare halittun ruwa, Julie Church, ta ga yaran tsibirin Kiwayu suna tsintarsu suna yin kayan wasa, daga nan aka kafa wata sana'a da ake kira Ocean Sole a Nairobi. Ana tsinto su, a wanke, a manna su da gam su zama dunƙule, masassaƙa su sa wuƙa su fitar da giwa da raƙumin dawa masu launi-launi, a sayar wa baƙi.